Sifaniyanci ta Bayan Katangar Inna

Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma duk wanda ya tashi a Gummi ya san abin da wannan ke nufi: mahaifiyata ba ta kiran sunana. Ba faɗa muka yi ba. Kunya ce, irin wadda iyayenmu mata suka gada suka riƙe da hannu biyu. Ɗan fari ba a faɗin sunansa, ba a zama hira da shi, ba a nuna ana sonsa, sai ka ce shi ya aikata wani laifi ranar da aka haife shi. Inna kuwa 'yar garin Adabka ce, ta tashi a maƙwabtaka da Fulani, don haka tata alkunyar ta fi ta kowa kauri. Ƙannena tana kiran su da suna, ta zage su da suna, ta yi musu kirari. Ni kuwa "wancan" ne, ko "mai ɗakin zaure". In ranta ya yi fari ƙwarai sai in zama "mutanen ƙofa", kamar ni kaɗai na cika unguwa.

In tana da saƙo gare ni ba ta rasa ɗan aike. Ƙanwata mai bi mini ita ce babbar jakadiya. In ba ta nan, akuya ma ta isa. Na sha jin Inna tana shaida wa akuyarmu cewa tuwo na sanyi, kuma wanda bai ci ba shi ya so. Sai in fito in ɗauki kwanona in koma. Ni ma ban taɓa yin doguwar magana a gabanta ba. Gaisuwar safe ce kawai, in durƙusa in tashi ba tare da idonmu ya haɗu ba. Ban ɗauki wannan a matsayin rashi ba, domin haka na ga ana yi.

A ƙarshen shekarun casa'in na gama kwalejin horon malamai, na dawo gida da takarda mai hatimi da kuma girman kai daidai gwargwado. Na zaga neman aikin koyarwa har takalmina ya gaji. Na je Anka aka ce in dawo bayan salla. Na je Bukkuyum aka ce in dawo bayan girbi. Na koma Anka bayan salla, aka tambaye ni wace sallar nake nufi. Daga ƙarshe na dawo na zauna a zaure, ina taya Baba noma da damina, da rani kuma ina taya masu zaman kashe wando gyara duniya da baki.

A nan ne wani ɗan unguwarmu da ya daɗe ba a gan shi ba ya dawo ganin gida. Agogonsa na fara gani kafin in gan shi, don haka har yau mai agogo nake ce masa. Daga Fanya ya zo, wato wannan tsibiri na ƙasar Ikwatoriyal Gini da tsofaffi ke ba da labarin an taɓa zuwa ƙodago. Ya zauna a kan bencin mai shayi, yana duba lokaci ba tare da yana da wurin zuwa ba, ya ce mana:

"Man hetur anka samu ƙasar. Kuɗɗi awa ƙasa. Amma ba su jin Turancin ga naku, Sifaniyanci su ka yi. Mai takarda irin taka, in ya iya harshensu, ohis za a ba shi."

Ofis! Tun daga wannan kalma ban ƙara jin sauran zancen ba. Ya yi alkawarin in zai koma zai tafi da ni. Baba ya saurara, ya shafa gemu, ya ce tafiya mabuɗin ilimi, kuma ko ba komai an rage baki ɗaya a kwano. Ba wanda ya tambayi Inna. Yaya za a tambayi uwa a kan ɗan fari? Ai sai a ba ta kunya.

Littafin koyon harshen a Sakkwato na samo shi, a bakin titi, wurin mai baza tsofaffin littattafai a ƙasa. Ba shi da bango, kuma rabinsa na baya ya riga ya tafi wurin masu ƙosai. Abin da ya rage mini shi ne gaisuwa, da ƙidaya, da babi guda mai tsawo a kan yadda ake sarrafa aikatau masu bin ƙa'ida a lokacin da ake ciki. Daga nan takarda ta ƙare. Babin abin da ya wuce babu, na abin da zai zo babu. Na ce ba komai, mai neman aiki ai yau ce ta dame shi.

Ƙa'idar ba ta da wuya. Aikatau ɗinsu gida uku ne, kowane gida da irin wutsiyarsa. Akwai masu ƙarewa da *ar*, kamar *hablar*, yin magana. Akwai masu *er*, kamar *comer*, cin abinci. Akwai masu *ir*, kamar *vivir*, zama ko rayuwa. Sai ka yanke wutsiyar, ka bar gangar jikin, ka liƙa wata sabuwa daidai da wanda ke yin aikin. In ni ne, *hablo*. In kai ne, *hablas*. Shi ko ita, *habla*. Mu, *hablamos*. Ku, *habláis*. Su, *hablan*. Ka koma kan ci: *como, comes, come, comemos, coméis, comen*. Ka koma kan zama: *vivo, vives, vive, vivimos, vivís, viven*. Shi ke nan, wai na kama hanyar ofis.

Hanya ɗaya na sani ta haddace abu, ita ce wadda aka koya mana tun muna ƙanana: a zauna, a tanƙwashe ƙafa, a ɗaga murya, a yi ta rangaji har abu ya zauna. Ɗakina zafi ne da shi, don haka da hantsi nakan shimfiɗa tabarma a gindin katangar da ta raba ƙofar gida da cikin gida, in jingina, in fara. Ba ni da malami, ba ni da kaset, ban taɓa jin ɗan Adam ya furta ko kalma ɗaya ta harshen ba. Yadda aka rubuta haka nake karantawa, da karin harshen Gummi tsantsa, kuma da ƙarfi, har masu wucewa da jakuna na tsayawa.

Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Kafin wata ya zagayo, yaran unguwa sun sa *comemos* cikin waƙar tsalle. Mai shayi in ya hango ni sai ya ɗaga ludayi ya ce ga Alhaji Hablamos nan tafe. Ƙanwata takan amsa mini daga cikin gida, in na ce *vivo* ta ce *bibes*, ta fashe da dariya.

Abu ɗaya na lura da shi. Duk lokacin da na fara, sai in ji taɓaryar Inna ta tsaya. In na yi shiru don in haɗiye yawu, sai daka ya ci gaba. Na ce a raina lalle na dame ta. Wata rana kuma na shiga cikin gida ɗebo ruwa na tarar an ɗauke turmin daga ƙarƙashin darbejiya, inda ya zauna tun ina yaro, an kawo shi jikin katangar nan. Na tambayi ƙanwata dalili, ta ce Inna ta ce nan ya fi inuwa. Na ɗaga kai na duba. Rana ce ƙwal a wurin, ko ƙadangare ba zai zauna ba. Na ce mata tsufa dai ya fara kama Inna, na ɗebi ruwana na fita.

Gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba ita ce tsoro nake ji. Mai agogo, da hira ta yi hira, ya fara sakin sauran labarin: mota kwana da kwanaki zuwa bakin teku, sannan jirgin ruwa na katako, a cunkushe da mutane da buhunan gari, ba ka ganin gaɓa ko ta ina. Ni kuwa ruwan da na sani shi ne gulbinmu, shi ma in ya cika da damina daga nesa nake gaishe shi. Amma duk Gummi ta riga ta san za ni Fanya, ga suna an laƙaba mini, ga Baba ya sayar da maraƙi. Namiji ba ya tashi a zaure ya ce ya fasa don yana tsoron ruwa. Hanya ɗaya ce ta rage mini ta fita da mutunci: Inna ta ce kada in tafi. In uwa ta hana, magana ta ƙare, ba mai yi maka dariya, sai ma a ce yaron kirki. Wannan kalma nake jira. Da tsoron ya ƙaru sai in ƙara ɗaga murya a gindin katanga, ko za ta gaji ta yi magana.

Ta yi magana, amma ba da ni ba. Wata safiya ina jin ta tana ce wa ƙanwata:

"Tahi ki ce ma babanku, abin ga da mutanen ƙohwa ka yi da rana tsaka ba lahiya ba ta. Mutum shi zamna shi kaɗai shina rangaji shina kiran sunayen da ba a sani ba? A kira Malam shi duba."

A shekarun nan kuwa maganar aljanu ta yi yawa a ƙasarmu, ko ciwon kai ka yi sai a ce a tofa. Ni dai murna na yi a ɓoye. In Malam ya ce akwai shafar iska, ai an huta, tafiya ta fasu ba da laifina ba.

Malam limamin masallacin unguwarmu ne, abokin Baba, dattijo mai son ilimi kamar ya mutu. Ya zo bayan la'asar da carbinsa, ya zauna a kan buzu, ya ƙare mini kallo, ya ce in yi abin da nake yi ya ji. Na gyara zama na zuba masa *hablo, hablas, habla*, har na ɗan kaɗa ido sama don in taimaka wa binciken. Ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Mi a ma'anar na hwarko?"

Na ce ina magana.

"Na biyu hwa?"

Na ce kana magana.

Sai na ga fuskarsa ta washe kamar wanda ya tsinci ɗan'uwa a tasha. Ya ajiye carbi ya tafa hannu.

"Kai! Wanga ai sarfu na! Sarfun Nasara!"

Sarfu shi ne ilimin juya kalmomi a Larabci, wanda Malam ya ƙare ƙuruciyarsa yana haddacewa. Nan take ya fara jero mini nasa, *yaf'alu, yaf'alani, yaf'aluna*, yana rangaji irin nawa, muka zama mu biyu a gindin katanga. Ya tambaye ni siga nawa gare su. Na ce shida. Ya riƙe baki.

"Shidda kaɗai? Ba su raba mace da namiji? Ba su da ta mutum biyu? Ashe ragwaye na. Yaro, wanga ko wata guda ba ya kai ka."

Ya sa na maimaita masa *comer* har ya riƙe, ya leƙa ta ƙofar cikin gida ya ɗaga murya ya ce wa Inna ta kwantar da hankalinta, yaro lafiyarsa lau, ilimi ne yake nema, kuma shi da kansa zai yi masa addu'ar tafiya. Ya tafi yana ta *comemos, coméis* a hanya. An kira mai kashe wuta ya zo da kalanzir. Ranar nan tuwon dare ya yi gishiri har ba ya ciwuwa, kuma ba a gaya wa akuya komai ba.

Bayan kwana biyu ƙanwata ta kawo wani saƙon. Inna ta ce wanta na Adabka yana da fadama da ta fi ƙarfinsa, yana neman mai kula masa da ita, in akwai wanda ba shi da abin yi. Yau da nake da furfura na san fassarar wannan magana: ga Adabka nan kusa, tafiyar babur ce, zauna inda zan riƙa jin labarinka. Amma a lokacin abin da kunnena ya ji shi ne "wanda ba shi da abin yi". Raina ya ɓaci. Na ce wato har na zama kaya a gidan nan, ana neman inda za a sauke ni. Na ce wa ƙanwata ta mayar da amsa cewa mutanen ƙofa sun gode, suna da abin yi, ofis ke jiran su. Ta juya ta tafi.

Daga nan Inna ta shiga haɗa guzuri. Ban taɓa ganin guzuri irin wannan ba. Ta yi ƙuli-ƙuli, ta yi dakuwa, ta daka kuka, ta daka kuɓewa busasshiya, ta soya gyaɗa, ta aika Adabka a kawo man shanu. Mai agogo ya sa ranar tafiya, sai saƙo ya fito daga cikin gida:

"A ce ma mai agogo shi yi haƙuri, daddawa ba ta bushe ba."

Aka ɗaga zuwa wata kasuwar. Ranar ta zo, aka ce yajin bai daku ba. Aka sake ɗagawa, sai dakuwar farko ta tsufa, dole a yi sabuwa. Matar da ke iya ciyar da gidan suna cikin yini ɗaya, ita ce daddawa ta gagara har tsawon damina. Duk gidan sun gane, har Baba ya daina fitowa zaure da wuri don kada a tambaye shi. Ni kaɗai, mai takarda da hatimi, na duba tulin ƙullin nan na ce: dubi yadda take rawar jiki, ta ƙosa in tafi. Ita tana jan lokaci ko zan fasa da kaina, ni ina jira ta hana ni, katanga na tsakaninmu, ni kuwa kullum da hantsi ina sanar da unguwa cewa ina magana, kana magana, muna magana.

Mai agogo ya gaji. Ya ce ranar Asabar zai wuce, da daddawa ko ba daddawa.

Da safiyar ranar na shiga sallama. Tana bakin turmi, ta ba ni baya. Na durƙusa na ce, "Inna, za mu tahi." Na daɗe a durƙushe fiye da yadda gaisuwa ke bukata. Ina kallon bayanta, ina kallon hannunta a kan taɓarya, ina roƙon Allah ya sa ta ce ko da "a bari sai baɗi". Ta gyara ɗaurin zane, ta leƙa cikin turmin, ta ce masa:

"Allah shi kiyaye hanya."

Na ce amin. Na tashi na ɗauki buhun guzuri, wanda ya fi jakar kayana nauyi, na hau bayan babur zuwa tasha. Har muka sha kwana ban ji ƙarar daka ba.

Ba zan ba da labarin teku ba, don ban gan shi sosai ba, kaina na cikin bokiti. Fanya kuwa ta karɓe ni yadda ta ga dama. Abu na farko da na gano shi ne ba a furta harafin farko na *hablo*, wato duk abin da na yi wata da watanni ina kururuwa a Gummi ba wanda ya taɓa faɗin sa haka a duniya. Na biyu, unguwar da mai agogo ya sauke ni Hausawa ne maƙil, da masallacinsu da mai tsirensu, a kasuwa kuma Turancin broka ake yi. Na uku, ofis ɗin teburin shayi ne, na wani ɗan Gusau, ni ke wanke kofuna. Daga baya na samu nawa teburin. Sifaniyancina ya gyaru a bakin titi, na koyi jiya da gobe a wurin masu shan shayi, na zauna shekaru ina cewa baɗi zan koma in na tara abin da zan nuna.

Ana nan wayar hannu ta iso Gummi. Ƙanwata ta yi aure a cikin gari, mijinta na da waya, don haka ranar Juma'a takan kawo ta gida, ta tsaya kusa da rumbu inda ake samun sabis. Ni kuma in je shagon buga waya in shiga layi. Nakan gaisa da Baba, da ƙannena, har da Malam in yana kusa, ya tambaye ni ko har yanzu sigar shida ce. Inna ba ta karɓar waya. Sai dai in jiyo muryarta daga gefe: a tambayi mutanen can ko suna samun tuwo. A tambaye su ko ruwan can na sha ne. In amsa, ƙanwata ta maimaita mata, alhali na san ta ji.

Wata Juma'a, bayan an gama gaishe-gaishe, sai na ji ana 'yar muhawara ƙasa-ƙasa. Ƙanwata ta dawo kan waya tana danne dariya.

"Yaya, Inna ta ce ka yi karatun ga naka."

"Wane karatu?"

"Wanda ka ka yi bakin katanga. Ta ce a ji ko mutanen can sun mance."

Na ce mata ta daina wasa, kuɗin waya na tafiya. Ta ce ba wasa ba ne, ga shi za ta kara mata a kunne. Sai na ji motsi, na ji kukan kaji, sannan na ji numfashi. Ba sallama, ba gaisuwa. Numfashi kawai, a kusa, kusa fiye da yadda na taɓa jin sa tun da aka yaye ni.

A tsaye a shagon nan na gane zancen turmi da inuwa. Tun da na yi wayo Inna ba ta taɓa jin muryata ta wuce "lafiya lau" ba. Hira da ni haramun ce a al'ada, amma ba wanda ya hana mace daka a jikin katangarta, kuma ba wanda ya hana kunne jin karatu. Watannin nan da nake zaton ina damun ta, su ne kaɗai lokacin da ta samu ɗanta yana magana ba tsayawa, tana ji, ba mai ganin ta.

Shagon cike yake da mutanen ƙasar, masu jiran layi. Ka ƙaddara ƙato ya tsaya a tsakiyar kasuwar Gummi da waya a kunne yana ihu, ina ci, kana ci, yana ci, muna ci. Haka na zama a idonsu. Na juya musu baya na fara. Ban yi da gyararren lafazin da na koya ba, na yi da na gida, da harafin farkon da komai, da karin da ta sani: *hablo, hablas, habla*. Wata mata a bayana ta fashe da dariya, mai shago ya kira abokinsa ya zo ya gani. Na wuce *como, comes, come*. Na ji jikina na rangaji da kansa. Ina kaiwa *vivimos* muryata ta karye, na tsaya. Can sai na ji ta, ba a gefe ba, a cikin wayar, tana gaya wa wanda ban sani ba, ko rumbu ko akuya:

"Ba a ƙare ba. Da saura biyu."

Na ƙarasa mata *vivís, viven*. Ta miƙa wa ƙanwata waya.

Daga ranar ya zama ƙa'ida. Kowace Juma'a in an gama gaisuwa sai a ce a yi karatu. Mai shago har ya riƙa ajiye mini kujera, yana gabatar da ni ga baƙi a matsayin mahaukacinsa na Juma'a. Na taɓa gwada sako mata wata magana a tsakani, na ce, "Inna, kina lahiya?" Sai na ji muryar ƙanwata, an riga an mayar mata da wayar. Ban sake ba.

Da wata damina ciwo ya kwantar da Inna. Aka ce mini da sauƙi, kamar yadda ake ce wa na nesa. Kafin in samu jirgi, in sha teku, in sha mota, an yi addu'ar bakwai. Na iso Gummi da agogo a hannuna, ba wanda ya kalle shi.

Bayan masu gaisuwa sun ragu, muka zauna da ƙanwata a tsakar gida. Turmin na nan jikin katanga, rana na dukan sa. Na ce mata da Inna ta ce kada in tafi, ko sau ɗaya, ko ta bakin akuya, wallahi da ban tafi ba, don tsoro nake ji kamar raina zai fita. Ta zaro ido.

"Tsoro? Mu mun aza so ka kai, yadda ka ka ɗaga murya. Ita ko cewa ta yi ba ta tare ma yaro arzikinai. Dud gidan ga an san ba ta so. Mun aza kai ma ka sani."

Haushi ya kama ni, na rasa wanda zan ji wa, ko Inna, ko kaina, ko wanda ya fara ƙirƙiro kunya. Sai ƙanwata ta ce, tana wasa da bakin mayafinta, akwai abin da ba ta faɗa mini ba. Ana gobe Inna za ta rasu, da rana, ta buɗe ido ta dubi wajen katanga ta kira ni. Ba wancan ba, ba mutanen ƙofa ba. Sunana na yanka, a gaban kowa, har da Baba.

Na matso. Na ce ta faɗa mini yadda ta faɗe shi. Da ƙarfi ko a hankali? Ta ja ƙarshen ko ta datse? Na ce ta kwaikwaya mini, ko yaya ne.

Ƙanwata ta yi tunani. Ta share ido da mayafi ta ce, "Yaya, awa dai yadda kowa ka hwaɗin shi."